Akuyar Turai

A duk zuriyarmu, tun daga kan kakanmu da ya tako da ƙafa daga Kano ya ratso Sudan ya zo ya zauna a unguwar Jarwal ta Makka, ni kaɗai ce na taɓa sayen alade da guminta. Ban tsaya nan ba. Na saka shi a akwati, na hau jirgi da shi, na shigo da shi garin Makka, na durƙusa na miƙa wa mahaifina da hannu biyu. Shi kuma ya karɓa ya yi ta sa mini albarka. Har yau in muka taru a gida ranar Juma'a hira ta ƙare, wannan labarin ƙannena suke tonowa, ni kuwa ina dariyar ina jin haushi.

Baba baduku ne, ɗan baduku. Ya gaji ɗan shago a Jarwal inda yake ɗinka ɗamarar fata da alhazai ke ɗaurawa a kan harami, da takalma, da kube, da gafaka. Da otal-otal suka cinye layinmu muka koma Rusaifa, kuma a lokacin kasuwa ta riga ta cika da kayan kamfani masu araha, rabinsu roba. Sai ya rufe shagon. Ya tattara basilla da wuƙaƙensa a wani akwatin ƙarfe ya ɗora a saman kabad, bai sake waiwayarsu ba.

Abu ɗaya ya rage masa, shi ne hannunsa. In aka miƙa masa fata, sai ya rufe ido ya murza ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya faɗi dabbar. Wannan saniya ce. Wannan tunkiya ce, kuma ba ta ƙoshi ba. Wannan raƙumi ne. Wannan roba ce, an cuce ka. Mutanen unguwa sukan kawo masa sabon takalmi tun kafin su cire takardar shago, don in ya ce roba su mayar. Baƙo in ya shigo gidanmu, kafin a gama gaisawa hannun Baba ya kai kan jakarsa. Ina yarinya abin yana ba ni kunya matuƙa. Sai da na girma na gane cewa wannan murzawar ita ce kaɗai aikin da duniya ta bar masa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Wata shekara asibitinmu ya tura mu kwas wata ƙasar Turai na wata uku. Wata ukun nan na yi su ne a kan burodi da ƙwai da kifin gwangwani, saboda tsoron alade. Ko alewa ce sai na juya bayan ledar na karanta har ƙasa. Abokan tafiyata suna tsokanata wai na fi jami'in kwastan bincike. Na rame, amma ina alfahari da ramar.

A satin ƙarshe na fita sayen tsaraba. Ta Inna ba ta ba ni wahala ba, ta ƙannena ma haka. Ta Baba ce na yi kwana uku ina yawo a kanta, don so nake in kawo masa fatar da zai murza ya gyaɗa kai. A wani ƙaramin shago na ga jakar ratayawa ruwan zuma, mai laushi kamar kunnen jariri. Ni da tsohuwar da ke shagon ba ma jin yaren juna, sai nune. Tambaya ɗaya na iya yi mata: fata ce ta gaske? Ta dafa ƙirji ta gyaɗa kai har sau uku. Gaskiya kuwa ta faɗa, baiwar Allah. Ni ce ban tambayi fatar wa ba. A kaina alade nama ne kawai da ake gudu a faranti, ban taɓa kawowa a raina cewa shi ma yana yawo da fata a jikinsa kamar kowace dabba ba. Na sayi jakar, na haɗa da ƙaramar jakar kuɗi irinta sak don kaina.

Ranar da na dawo falonmu ya cika da 'yan sannu da zuwa. Cikinsu har da aminin Baba, wani tsohon mahauci da iyayensa suka biyo ta Chadi. Sun fi shekara hamsin suna musu da juna, ba su taɓa yarda a kan abu ɗaya ba, kuma ba su taɓa wuni ba su haɗu ba. Baba yakan ce masa, "Kai cikin dabba ka sani, ni na san wajenta, kowa ya tsaya a gonarsa."

Na miƙa jakar. Baba ya rufe ido ya fara murzawa. Kowa ya zuba masa ido. Ni da na saba ganin abin tun ina rarrafe, na lura ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya juya ta, ya murza cikin, ya koma wajen. Sannan ya buɗe ido ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce, "akuya ce."

Mahauci ya miƙo hannu. "Kawo nan, ya shehu, kada ka ruɗi yarinya." Ya kai ta hanci ya shaƙa sosai, ya sake shaƙa, ya ɗaga kai sama yana lumshe ido. "Akuya ce, ba musu. Mace ce kuma. Ta haihu sau biyu."

Aka ɗauki salati, don ba a taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba. Ƙanena ya leƙo ya ce da Larabci, to waɗannan ƙananan ɗige-ɗigen fa? Baba ya yi masa bayani kamar malami a aji. Ya ce akuyar Turai ce, sanyi ke sa gashinta ya yi kauri, shi ya sa ƙofofin gashin suka fito fili. Kowa ya gamsu. Ni kuwa kaina ya kusa taɓa silin don daɗi.

Daga ranar jakar ta zama gaɓa a jikin Baba. A ciki yake sa tabarau, da carbi, da maganin hawan jini, da makulli. Kullum bayan la'asar yakan rataye ta ya tafi mirkaz, wato dogon bencin da tsofaffin unguwa ke zama a ƙofar shagon ɗan mahaucin suna shan shayi. Duk wanda ya zo wucewa sai an tsayar da shi ya taɓa. "Uwata ce ta sayo mini a Turai. Murza ka ji. Ka taɓa jin akuya irin wannan?" Tafiyarsa ma ta canza. Inna ta ce tun da aka rufe shago ba ta ga ya miƙe wuya haka ba.

An fi wata guda a haka. Wata rana a asibiti muna cin abincin rana da wata abokiyar aikina, 'yar ƙasar Filifin, wadda ta musulunta da daɗewa kafin ta zo aiki Makka. Na fito da 'yar jakar kuɗina na ajiye a kan tebur. Ta ɗauka, ta kara ta a haske, ta yi murmushi irin na wanda ya haɗu da ɗan garinsu a ƙasar waje.

Ta ce, "Kin san fatar mene ne wannan?"

Na ce, "Akuya. Mace. Ta haihu sau biyu."

Ta yi dariya har ta ƙware. Da ta lafa sai ta nuna mini da farce. Ɗigon ba a warwatse suke ba, uku-uku suke a haɗe kamar duwatsun murhu, daga wannan gefe har wancan. Ta ce dabba ɗaya ce gashinta ke fitowa haka, kuma ta san ta kamar tafin hannunta, don a gidansu da kiwonta aka biya mata makaranta. Ta shiga ba ni labari da zuciya ɗaya. Yadda babanta yake sammako kasuwa ya zaɓi 'ya'yan alade, ya ɗaga su ta ƙafar baya, wanda ya fi tsala ihu shi ne mai lafiya. Yadda ba a zubar da komai nasa: nama a gasa, kitse a narka a yi suya, hanji a cusa masa nama, gashi a yi buroshi, ƙashi a dafa a fitar da abin da ke sa alewa danƙo, fata kuma ko a soya a ci ko a sayar wa masu jaka da cikin takalmi. Tana lissafi da yatsu, ni na ture farantin shinkafata gefe.

Da ta ga fuskata sai ta daina lissafin. Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ai sai ki yar da ita kawai." Ita ta 'yar jakar kuɗi take. Ni kuwa ina hango Baba a daidai wannan lokacin yana rataye da uwar jakar, yana tsayar da bayin Allah suna murzawa.

Inna na fara gaya wa, a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Ta saki ludayi. Ta ƙi ma faɗin sunan dabbar, "abin nan" take cewa. "Abin nan a gidana? A kan gadona ya kwana? Ya binti, ish hada? 'Yar nan, mene ne wannan kika jawo mana?" Nan take ta fara lissafin duk inda jakar ta taɓa zama: hannun kujera, saman firij, ƙusar bayan ƙofa. Ta ce sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. A bene na uku ina za a samu ƙasa? Sai ta tone tukunyar na'ana'arta da ke taga. Da Baba ya dawo ya tarar da firij shafe da taɓo, ta ce masa kyankyasai take kora.

Amma a kan abu ɗaya ta kafe. "Kada ki kuskura ki gaya masa. In ya san hannunsa ya yi ƙarya a gaban mutane, wallahi ba zai sake fita ƙofar gidan nan ba. A ɓatar da ita kawai, halas, shi ke nan." Na yarda da ita, don tsoron da ke cikina ke nan. Jaka dai a yar a sayi wata. Mutumin da aka raba da shagonsa da unguwarsu, in aka ƙwace masa hannun ma, ban san me za a mayar masa ba.

Sai muka shiga farautar jaka. Sace ta ya gagara, don ko barcin rana zai yi sai ya tura ta ƙarƙashin matashi. Ko banɗaki zai shiga, a ƙusar ƙofar yake rataye ta inda zai ji motsinta. Inna ta ce to a lalata ta. Wata rana yana zaune ta zo wucewa da kwanon miyar kuka, ta yi tuntuɓe da babu, ta juye rabi a kan jakar. Ta hau salati da ba da haƙuri, ta ce ai shi ke nan ta lalace, a ba ta ta kai bola.

Baba ko faɗa bai yi ba. Idonsa ma haske ya yi. Ya sa aka sauko masa da akwatin ƙarfen nan daga saman kabad, wanda ya shekara goma ba a taɓa ba. Ya baje kaya a tsakar falo, ya goge miyar a hankali, ya shanya jakar a inuwa, sannan ya lakaci mai ya yi ta shafa mata da hannunsa tsirara, lungu-lungu, yana 'yar waƙarsa ta dukawa ƙasa-ƙasa. Jaka ta fito ta fi da kyau. Inna tana tsaye a bakin ƙofa ta dafe kai da hannu biyu. Da aka kawo tuwo ta ajiye masa cokali a gefe.

"Cokali kuma? Yaushe na fara cin tuwo da cokali?"

"Likitoci sun ce ya fi," in ji Inna, ta harare ni. Ni likitocin, na sunkuyar da kai na ce haka ne.

Da abin ya ci gaba a haka, da ƙila har yau muna nan muna dabara. Abin da ya katse mana hanzari wata safiyar Alhamis ce. Muna karyawa Baba ya ce ya yanke shawara zai ɗinka wa jakar aljihu a ciki, daidai girman ƙaramin Alƙur'aninsa, don gobe Juma'a yana so ya tafi Harami da shi a ciki. Har ya auna. Inna ta dube ni, na dube ta. Ta tashi ta shige kicin ta bar ni da shi, kuma har yau ban gama yafe mata wannan gudun ba.

Na matsa kusa na durƙusa. Na ce, "Baba, ina da magana. Jakar nan ba akuya ba ce."

Ya yi dariya. "Uwata, yau kuma ke za ki koya mini fata?"

"Alade ne, Baba."

Dariyar ta tsaya a inda take. Na gaya masa komai, da tsohuwar shago, da abokiyar aikina, da ɗigo uku-uku. Ya ce a ba shi tabarau. Tabarau kuwa yana cikin jakar. Muka tsaya muna kallonta ni da shi, ba wanda ya miƙa hannu, sai da na ɗauko cokalin tuwon nan na zaƙulo shi da shi. Ya sa tabarau ya sunkuya a kanta ya daɗe yana kallo. Ni ina jiran faɗa, ko kuka, ko ya tashi ya shige ɗaki.

Da ya ɗago sai ya ce, a hankali, "Ranar da kika kawo ta, hannuna ya gaya mini bai san ta ba. Na murza, na murza, ya ce mini ban san wannan ba. Amma ga falo cike da mutane, ga ki a durƙushe kina kallona. Sai na ce akuya." Ya cire tabarau ya goge ido da bakin hannun riga. "Hannun bai yi ƙarya ba. Bakin ne."

Na ce ya bari in ɓatar da ita shiru, a ce ta faɗi a mota. Ya girgiza kai. Ya ce mutum nawa ya sa suka murza? Ya ce bayan la'asar in fito da mota in kai shi mirkaz.

Haka muka tafi, jaka a cikin leda biyu, yana riƙe da ita a kan sandarsa. Na tsaya a gefen titi na sauke gilashi, don ba zan iya tafiya ba. Tsofaffi sun cika benci. Baba bai zauna ba. Ya ajiye ledar a ƙasa ya ce, "Jama'a, akuyar da na ce muku, ba akuya ba ce. Alade ne. Na faɗi abin da ban sani ba. Duk wanda na sa ya taɓa, ya yafe mini."

Bencin nan ya watse kamar an jefa maciji. Wani ya goge hannu a riga, sai ya tuna rigar salla ce, ya tsaya da hannun a sama. Mahauci ya ja da baya ya ce, "Wallahi ni dama tun ranar na ji wani wari-wari."

Baba ya juyo. "Kai? Kai da ka ce ta haihu sau biyu?"

Sai wurin ya fashe. Tsofaffi suna riƙe ciki, wani har shayi ya fito masa ta hanci. Mahauci ya rantse ya ce yanzu ma bai janye ba, a je a bincika, ko mece ce ta haihu sau biyu. Sannan ya karɓi buta ya tsuguna a bakin kwata yana shaƙa ruwa yana fyacewa, yana ƙirgawa da ƙarfi har bakwai. Baba ma dariya yake har hawaye. Limamin unguwa, da yake cikinsu, ya jira aka lafa ya ce abin da aka yi cikin rashin sani Allah mai gafara ne, a zauna a sha shayi. Ya ƙara da cewa a garin da ba wanda ya taɓa ganin dabbar ko a mafarki, wa zai gane rigarta?

Abin da muka ji tsoro bai faru ba, akasinsa ne ya faru. Kafin a yar da jakar, sai da Baba ya yanki ɗan ƙyalle kamar tafin yaro ya jefa a kwalba ya rufe. Cikin sati guda gidanmu ya koma ofishin bincike. Daga unguwar Zahir har Jarwal ana zuwa da takalma da jakunkuna da bel a leda, a duba ko akwai ɗigo uku-uku. Baba yana zaune da tabarau da kwalbarsa yana yanke hukunci, Inna tana mita wai an mayar mata da falo kasuwar gwanjo. Ya kuma samu sabuwar kalma da ban taɓa ji a bakinsa ba. Wani lokaci sai ya murza, ya murza, ya miƙa wa mai kaya ya ce, "Ban sani ba."

Ni dai kunya ba ta sake ni ba. Ina ganin ni na ja masa, kuma kyautata ta farko mai daraja ta ƙare a bola. Na daina zama a falo in ana binciken.

Wata safiya ina shirin fita aiki ya kira ni. Akwatin ƙarfen yana buɗe a gabansa. Ya miƙo mini 'yar zabira ja, ɗinkin hannu. Daga baya Inna ta gaya mini fatar ita ce ta ƙarshe da ta rage daga shagon Jarwal, jar akuya ta Sakkwato, tana naɗe a ƙasan akwatin tun ranar da ya rufe. Ɗinkin ya karkace a wurare biyu, don idonsa ya yi rauni, kuma kwana huɗu ya yi a kan aikin da a da kafin azahar ya gama.

Na buɗe baki zan yi godiya, ya ce, "Tsaya. Rufe ido."

Na rufe. Ya kama babban yatsana da manunina ya ɗora su a kan fatar, ya murza da su a hankali, gaba da baya.

"Wannan ita ce akuya, Uwata. Shekara da shekaru ina faɗa wa mutanen gari, ban taɓa kama hannun 'yata na nuna mata ba. Laifina ne, ba naki ba. Murza kuma."

Na murza. Kuka nake sosai, kuma na makara aiki, amma bai sake mini yatsu ba sai da ya tabbata na ji.